Littafin Ma'aji

Ni ne ma'ajin ƙungiyar jinga a garinmu,
gabas da Auyo, inda kogi ke kwana a bayan ɗaki.
Littafin na wurina, mai shuɗin bango,
ruwan bara ya lashi gefensa, tawada ta yi jirwaye.

Ran gidauniya mun yi hayar rumfa da lasifika.
Alhaji Barau ya miƙe ya ce siminti buhu ɗari,
aka yi tafi har tantabarun masallaci suka watse.
Sha biyu suka iso.
Biyu a ciki sun daskare.

Jiya Tabawa 'yar ƙanena, da ta zo hutu daga Dutse,
ta zauna a gindin rumbu tana latsa waya.
Ta ce, "Baffa, ga irin littafinka, amma na duniya.
Ƙasashe sun taru, kowacce ta ɗaga hannu
ta faɗi hayaƙin da za ta rage,
hayaƙin da ya rikita mana damina."
Na ce, karanto, ina gyaran fartanya.

Wata ta ce za ta rage rabi.
Rabin me?
Rabin wanda ta turnuƙe a shekarar da ta zaɓa da kanta,
shekarar da murhunta ya fi ci.
Maƙwabciyarta ma rabi ta ce, daga wata shekarar daban.
Na ce wannan ai Ilu mai awo ne,
mudun saye daban, na sayarwa daban,
kuma duka biyun mudu ake kiransu.

Wata ta ce ba na yau za ta taɓa ba,
wanda da za ta ƙara gobe shi za ta ragwanta.
Sai na tuna Cindo da taba:
"Da kara ashirin zan sha, ga shi a sha takwas na tsaya."
Shi da bara goma yake zuƙa.

Wata ta kai wa'adi can gaba,
shekarar da mai sa hannun ya daɗe da kwanta dama.
Wata kuwa wutarta ba za ta lafa ba,
za dai ta biya a dasa itace a wani gari,
kamar mai cin tuwo da rana tsaka a watan azumi
ya ɗauki hayar wanda zai ji masa yunwa.

Tamu fa?
Ta ce tamu ma ta rubuta:
kaɗan da ƙarfin kanta, mai yawa in an kama mata.
Ban yi dariya ba.
Ni ma gawon da ke tsakiyar gonata gawayi na mai da shi
shekarar da shinkafa ta nutse,
kuma injin ban-ruwana ba iska yake sha ba.
Amma a auna, Tabawa.
Tururin kasko ɗaya da gobarar kasuwa
ba ranar biyansu ɗaya ba.

A littafina layi biyu na ja.
Na dama, abin da baki ya faɗa.
Na hagu, abin da ya sauka daga amalanke.
Iya Kande ta ce buhun wofi ashirin,
ta kawo ashirin da uku, ta ɗinke masu huda da zaren tsohon zanenta.
Babu wanda ya tafa mata, lasifika ta riga ta koma.

Na ce, duba mini, nasu yana da layin hagu?
Ta ja, ta ja,
sabis ya ɗauke.

Da la'asar na sauka bakin ruwa.
Kacala ta ƙara cin hanyar kwalekwale.
Sandar da muka kafa tana nan da zanenta:
na shekaran bara a gwiwa,
na bara a ƙugu.
Kogi bai iya karatu ba,
bai san wa ya ce ɗari ba.
Buhun da ke gabansa kawai yake ƙirgawa.